Uban Kowa Daga Gabas Yake, To Uwar Fa?

Mu dai Allah Ya yi mu da son asali. A zauna a majalisa bayan la'asar, a ɗora butar shayi, wani ya taɓo zancen "su wane ai ba 'yan garin nan ba ne", sai ka ga kowa ya gyara zama ya turo hula gaba. Wannan kakansa daga Bagadaza ya zo a kan doki, wancan nasa daga Yaman, na gefe kuma sharifi ne daga Fas, har da takardar salsala a gafaka wadda gara ta cinye rabinta, rabin da ya rage kuwa ba mai iya karanta shi sai shi. Barebari sun riƙe Saifu ɗan Zi Yazan, Fulani sun riƙe Uƙba ɗan Nafi'u, mu kuma mun kama Bayajida ba saki. Ba ka jin wanda zai miƙe ya ce, "Ni kakana nan bayan ganuwa aka haife shi, gero yake nomawa." Kowa baƙo, kowa daga gabas, har ka rasa su wa suka tarar da suka iso.

Mata suka tarar mana. Ku bi labaran ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe jarumin shi kaɗai yake isowa, daga shi sai takobi, sai ya auri 'yar gari a haifi al'umma. Bayajida ya auri 'yar sarkin Barno, ya zo Daura ya tarar mace ce ke sarauta, kuma ba ita ce mace ta farko da ta yi ba. Ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, aka ba shi Bagwariya. Uba ɗaya ya haifi Bawo da Karɓagari, amma da muka zo rabon suna sai muka ce jikokin ɗakin Daurama Hausa Bakwai, na ɗakin Bagwariya Banza Bakwai. Wato tun ran gini da ɗakin uwa muke auna mutum, da bakinmu kuma muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa.

To yanzu a gwada mu. A ce wa kowannenmu ya jero iyayensa maza: wane ɗan wane, jikan wane, har bakwai wani zai kai bai yi numfashi ba, in ya kakare ya ƙaro biyu daga aljihu, wa zai kama shi? A ce masa to jero na mata: mahaifiyarka, mahaifiyarta, mahaifiyar wannan. Nan take murya za ta sauka. Ta farko ya san sunanta amma ba zai faɗa ba, kunya. Ta biyu "Hajiya Babba" ya taso ya ji ana ce mata, ko "Iya ta Gwarzo", bai taɓa tambayar sunanta na yanka ba. Ta uku kuwa sai ya ce, "Allah Ya jiƙanta, an ce mutuniyar kirki ce." Shi ke nan, salsala ta ƙare a hawa biyu da rabi.

Kuma kada wani ya ce raini ne, don ba abin da muke karewa kamar sunan nan. Muna yara, ka zagi yaro, ka zagi rigarsa, ka zagi makarantarsu, ya yi dariya. Ka kuskura ka faɗi sunan uwarsa a bainar jama'a, sai an kira mai unguwa. Mun girma ba mu daina ba. Je ka banki ka ga dattijo da furfura ana cike masa takarda, yarinyar da ke teburin ta ce, "Baba, sunan mahaifiya?" Sai ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sunkuya ya raɗa shi can ƙasan maƙoshi, ita kuma ta ɗaga murya ta maimaita don ta tabbatar, ya fito yana huci. Amma wannan dattijon, in dare ya yi ya je wurin malamin zaure neman taimako, malam ya ce, "Sunanka da na mahaifiyarka," ba gardama zai faɗa, har ya gyara masa rubutu. Ita ma uwar ramawa take yi, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai "wannan yaron" ko "kai". Gida guda, mutum biyu da suka fi kowa son juna, kowa na ɓoyon sunan kowa. In kuma mun tashi begen Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da ya fi yi mana zaƙi a baki shi ne mu kira shi Ɗan Amina.

Magabata ma sun fi mu adalci. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kusan duk sarkin da ya ambata sai ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Sai dai shi ma a nan yake tsayawa, ba ya cewa ita 'yar wace ce.

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Ashe wannan layin da muka bari ya shuɗe, shi ne wanda jikinmu ya adana da kyau. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya, su ne ke juya tuwon da muka ci ya zama ƙarfi. Suna da nasu ɗan rubutun gado, wato nasu DNA, daban da babban kundin da uwa da uba ke haɗa hannu su ba ɗa. Babban kundin yana da haruffa wajen biliyan 3, wannan kuwa 16,569 ne kacal, an gama karanta shi a Cambridge ta Ingila a 1981. Abin daɗin shi ne daga ƙwan uwa kaɗai ake samun sa, na uba ba ya ƙetare bakin ƙofa. Kamar garwashi ne da uwa ke ɗebar wa 'ya'yanta daga murhunta: ɗa namiji ya ji ɗumi iya rayuwarsa ya mutu da nasa, 'ya mace ta kai ɗakin miji ta hura, ta ɗebar wa tata 'yar. Jefi-jefi wajen kwafar rubutun daga uwa zuwa 'ya harafi ɗaya kan sauya, sauyin ya zauna daram, duk zuri'ar wannan 'yar ta gaje shi. Da irin waɗannan sauye-sauye masana ke gane reshe daga reshe, da yawansu kuma suke kirdadon shekarun da suka wuce tun da aka rabu.

Mu in an haihu, ungozoma ta wanke mabiyiya, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne, a hana yara leƙe. A Berkeley ta Kalifoniya kuwa tattara ta aka yi. Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka duba rubutun gadon mutum 147 daga sassan duniya, galibi daga mabiyiya, suka fitar da sakamako a 1987 cewa duk layukan uwa na mutanen da ke raye suna haɗuwa a kan mace ɗaya da ta rayu a Afirka shekaru wajen 200,000 da suka wuce. Jaridu suka yi caraf suka laƙa mata Hauwa'u, alhali masu binciken ba su ce ita kaɗai ce mace a zamaninta ba. Akwai wasu matan da yawa, layinsu ne ya tsinke a hanya. Zancen Nana Hauwa'u ta gaskiya mu bar wa malamai kayansu.

Daga cikin jikokin wannan baiwar Allah akwai wata da ta rayu a gabashin Afirka shekaru wajen 70,000 baya, masana suna ce wa reshenta L3. Sunan ba daɗi, ba mai raɗa wa 'yarsa shi ranar suna, amma zuri'a ta yi albarka: Larabawa, Turawa, Indiyawa, mutanen Sin, duk wanda asalin layin uwarsa na wajen Afirka ne, daga 'ya'yanta biyu ya fito, waɗanda ake kira M da N. Ka ga ke nan ko da kakan naka ya zo daga Bagadazan, kakarsa ta can sama daga wannan nahiyar ta tafi. Zuwa da dawowa ya yi.

Sauran 'ya'yan L3 ba su ƙetare teku ba. A cikinsu akwai L3f, a cikin L3f kuma akwai wani siririn reshe, L3f3, wanda shi ne ya sa na tara ku. A 2009 wani masani daga Jamhuriyar Cek, Viktor Černý, shi da abokan aikinsa, suka karanta cikakken rubutun gadon samfuri 16 na dangin L3f. Suka ga uwar reshen ta daɗe ƙwarai, wajen shekara 57,000, kuma danginta na kusa suna gabashin Afirka. Shi kuwa L3f3 yaro ne ɗanye, shekara 8,000 ko sama ko ƙasa da kamar 2,500, kuma kusan ba a samun sa ko'ina a duniya sai a kewayen Tafkin Chadi, a can ɗin ma kusan sai a wurin masu magana da harsunan da ake kira na Chadi. Harsunan nan sun haura 150: Kotoko, Mafa, Masa, Buduma, Margi, Bura, Bole, Ngizim, Bade, Tangale, Angas da sauransu. Babbar yayarsu, wadda ta fi su duka yawan baki da yawan surutu, ita ce Hausar nan da muke yi.

A nan ne za mu ɗan sunkuyar da kai. Mutanen da muke gani a tasha mu ce "ƙabilu ne", mu tambaye su ko suna jin Hausa kamar mun ba su ajiya, harshensu da namu nono ɗaya suka sha. Kada kuma wani ya ruga gida ya ce wa iyali an gano mu duka 'yan L3f3 ne. Reshen ƙanƙane ne, ko a cikin masu harsunan Chadin ba kowa ke ɗauke da shi ba, kuma harshe aro ake yi, jini ba a aro. Bahaushen yau taron dangi ne. Abin da reshen ya nuna shi ne sawu: wasu mata sun taso daga wajen gabas, zuri'arsu ta yaɗu a bakin tafki, a daidai lokacin da masana harshe ke zaton makiyayan da suka zo da tushen waɗannan harsuna sun iso. Masanin harsuna Roger Blench ya kawo shawarar cewa ta Wadi Hawar suka biyo, wani kwari a arewacin Sudan wanda yau rairayi ne zalla amma a wancan zamani kogi ne mai kai ruwa Nilu. Wannan shawara ce, akwai masanan da ke ganin ta tsakiyar Sahara aka gangaro, musun bai mutu ba. Ga gabas ɗin da muke ta nema dai ta fito, sai dai ba Bagadaza ba ce, kuma ba a kan doki ba, a ƙafa ne, da goyo a baya da shanu a gaba.

Kuma ba hamada suka ratso ba. A lokacin Sahara kore ce shar, da dorina da kada da raƙumin dawa, ga hotunansu nan a jikin duwatsu har gobe. Tafkin Chadin da yau muke jin tausayinsa, shekara 7,000 baya faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 350,000. Mai shakka ya je Damaturu ya tambayi labarin kwalekwalen Dufuna: a 1987 wani makiyayi na haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da katako, aka tono shi a 1994, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Sa'an L3f3 ne. Ba wanda zai ce ga wadda ta hau shi, amma dai ga irin duniyar da matan nan suka yi wanka da wanki a cikinta.

Yadda reshen uwa ke tafiya kuwa ba sai Bature ya koya mana ba, mu ne masu motar kai amarya. Namiji ya zauna gidan ubansa, ya yanki fili a bayan ɗakin baffa ya yi gini, ya mutu a binne shi inda aka binne kakansa, duk da haka shi ne mai labarin tafiya. Mace kuwa a naɗe ta a mayafi tana kuka, ƙawaye na waƙa, gwaggo na faɗan a yi sauri magariba ta yi, a kai ta garin da ba ta taɓa kwana ba, a ce mata "yi na yi, bari na bari". Ta haifi 'ya, bayan shekara ashirin a naɗe wannan ma a kai ta gaba. Ku yi lissafin majalisa: shekara 8,000, a ba kowace uwa shekara 25, uwaye 320 ke nan a jere. Ko kilomita 6 kawai aka gusa da kowace amarya, an ci kilomita 1,920, ba yaƙi ba tambari, sai guɗa da gara. Mu da kanmu ma mun sake bin hanyar a juye: mahajjatan ƙafa da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 sun zauna a Sudan, ga garin Mai Wurno nan a bakin Shuɗin Nilu, suka aurar da 'ya'ya, suka auro na wasu.

Ga inda abin ya fi ba ni dariya. Mace ta haifi maza biyar reras, a yi ta guɗa, kishiya ta kwana ba barci, dangin miji su ce ta kafa gida. Wata ta jero mata huɗu, masu barka su shigo da sanyin murya, "To, Allah Ya raya, Allah Ya kawo masu albarka," uwar miji ta fara zancen wata yarinya mai hankali da ta gani a gidan biki. Alhali a wannan lissafin mai maza biyar ɗin layinta ya rufe daga kansu, rubutun da ya ratso uwaye dubbai ya iso gare ta ya tsaya cak. Mai 'yan matan da muke wa jaje, ita ce mai zuri'a. Haka rassa suke ɓacewa, haka wasu suke zama 'yan kaɗan, ba annoba ba fari, haihuwar maza kawai.

Abokan zamanmu Fulani kada su yi mana dariya, nasu ya fi namu. A 2005 Alessandro Achilli da abokan aikinsa suka gano wani reshen uwa, U5b1b, mai shekara wajen 9,000, wanda ya haɗa Berber na arewacin Afirka da mutanen Sami, masu kiwon barewar ƙanƙara a can ƙuryar Norwe da Suwidin da Finlan, tushensa kuma wajen kudancin Faransa da arewacin Sifaniya. An same shi a wurin wasu Fulani. Wata kaka ɗaya, jikokinta wasu na bin garke a ƙanƙara, wasu na bin garke a Sahel. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɓangaren maza ma da aka duba, a 2010 Fulvio Cruciani da jama'arsa suka nuna wani reshen uba, R1b-V88, ya yi yawa ainun a wurin masu harsunan Chadi, musamman a arewacin Kamaru, manyan danginsa kuma suna Turai da yammacin Asiya. Layin uwa ya nuna nan, layin uba ya nuna can, takardar gafaka ta nuna wani wurin daban.

Akwai kuma dalilin da ya sa wasu gidajen ba a son a tona layin uwa da nisa, mu faɗa tunda mu ya mu ne. In aka hau uku ko huɗu sai a iske wata kaka mai tsagar da ba irin ta gidan ba, wadda aka zo da ita ba da mayafin amarci ba, lokacin da ake cinikin mutane a kasuwanni. Sarakuna nawa ne 'ya'yan ƙwaraƙwarai? Attajirai da malamai nawa? Ta yi daka, ta yi raino, ta haifi masu gari, aka shafe sunan garinsu aka bar mata "Baba ta ɗaki". Jikanta na zaune a zaure yana ba da labarin Yaman, kusan kowace ƙwaya ta jikinsa kuwa da rubutunta take aiki. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi suna zaune da Asante, waɗanda ta wajen uwa suke lissafa dangi da gadon sarauta, sun san ba duk duniya ake yi irin tamu ba.

Kada dai a ɗauki abin ya wuce kima. Hawa goma baya kowannenmu yana da gurbin kakanni 1,024, wannan rubutun na mutum ɗaya ne tak a cikinsu. Ba ya faɗin ƙabila, ba ya faɗin hali, ba shi ne gwajin jinin da ake yi kafin aure don gudun sikila ba, ba kuma shi ne wanda ake ta tada jijiyar wuya a kansa a intanet in an yi musun uban yaro ba. Zare ɗaya ne, sai dai bai taɓa tsinkewa ba, in da ya tsinke da ba ka nan.

Abin kunyar ma, littattafan da muke karantawa a zaure sun riga sun ba layin nan gurbi. A rabon gado na mazhabar Malikiyya, in babu uwa, kaka ta wajen uwa tana da sudusi, in babu ita mahaifiyarta ta hau gurbin, haka har sama, alhali kaka namiji na wajen uwa ba ya cikin magada. Kowa kuma ya haddace cewa a hadisi sau uku aka ambaci uwa kafin a ambaci uba, muna ma jawo shi duk ranar da muke son yaro ya yi aike. Mun san wankan jego gidan uwa ake zuwa, mun san in duniya ta yi zafi gidan kawu ake gudu, mun san in yaro ya yi abin kirki a ce ɗan babansa ne, in ya yi ɓarna a ce a nono ya tsotsa. Duk mun sani, duk muna yi.

Saboda haka, jama'a, wanda Allah Ya bar masa tsohuwa a gida, ya sayi goro ya je ya zauna kusa da ita. Ya tambaye ta sunan mahaifiyarta na yanka, da na kakarta, da garin da aka ɗauko kowacce, da irin tsagar fuskarta. Za ta zage ka, za ta ce yaran yanzu ba kunya, za ta ce me za ka yi da shi. Ka ƙara mata goro ka jira, za ta faɗa. In kunya ta hana ka furtawa, rubuta a bayan takardar salsalar nan, akwai sauran wuri.